Kundin aikin rubuta kiɗa ga ƙungiyar ɗalibai makaɗa takwas

9 ga Satumba

Ba a rubuta ko ɗigo ɗaya ba tukuna, wato alamar sauti guda a takardar kiɗa. Aikin wannan mako ƙidaya ne: mutum nawa, hannun kowa ya kai ina, kuma wane kaya ne ke cikin ɗakin atisaye da gaske.

Ɗalibai takwas ne, dukansu 'yan sakandare. Uku sun yi nisa: biyu suna karanta sauti a kan layi biyar ba tare da tsayawa ba, ɗaya kuma hannunsa ya faɗa a kan ganga mai waya. Uku na tsaka-tsaki ne. Sauran biyun bana suka fara riƙe sanda.

Kayan da ke akwai: marimba ɗaya (jerin katakai da ake bugawa da gula) mai oktaf huɗu da sulusi (oktaf tazara ce daga sauti zuwa takwaransa na sama), wadda sautinta na can ƙasa shi ne A2 (harafi sunan sauti ne, lamba kuma oktaf ɗinsa), zailofon (ƙanin marimba mai siririyar murya), bibirafon (kamar marimba amma na ƙarfe) mai oktaf uku, daga F3 zuwa F6, gilokenshifil (ƙananan ƙarafa masu sauti can sama), wanda za a riƙa kira gilok a nan, gangunan timfani biyu (waɗanda ake sauya sautinsu ta ɗaure fata ko sassauta ta), mai inci 29 da mai inci 26, ganga mai waya, babbar ganga, gangunan tom huɗu, faifan tagulla na rataye, ƙarfe mai kusurwa uku, tamborin (ƙaramar gangar hannu mai ƙarafa a gefe), sandunan kilabe (gajerun sanduna biyu da ake buga ɗaya da ɗaya), da kacau-kacau. An gwada kowane katako na marimba ɗaya bayan ɗaya. Biyu suna kurma saboda igiyar da ta ratsa su ta saki har suna taɓa ƙusoshin da ke riƙe da ita. An ɗaure igiyar, sun dawo daidai.

Kalmomi biyu za su yi ta dawowa. Taku shi ne bugun da ƙafa ke bi. Gida shi ne abin da ke tsakanin layukan tsaye biyu a takardar kiɗa.

16 ga Satumba

Gangunan timfani ne suka zaɓa mana sautin da kiɗan zai zauna a kai. Mai inci 29 tana jin daɗi tsakanin F2 da C3, mai inci 26 kuma tsakanin B-filat 2 da F3. Idan aka ɗaure babbar a A2, ƙaramar a D3, kowacce tana tsakiyar ikonta, fata ba ta saki ba kuma ba ta shaƙe ba. Saboda haka gindin kiɗan D ne. Karin zai tsaya a sautuka biyar, D, F, G, A da C, dukansu a jerin katakai na gaba, babu hawa jerin sama.

Tsarin farko kashi uku ne. Na farko gida 60 mai taku huɗu-huɗu, taku 120 a minti, kowane gida sakan 2, jimla minti 2. Na tsakiya mai sanyi, gida 24, taku 66 a minti, kusan sakan 87. Na ƙarshe a ma'aunin 7/8, wato rabin taku bakwai a kowane gida, gida 48. Ana so duka ya tsaya kusa da minti biyar. Abin da ya haura haka, atisayen awa ɗaya sau biyu a mako ba zai ishe shi ba kafin ranar wasa, 6 ga Disamba.

Wata shawara da aka yanke tun yanzu, kuma ita ce ginshiƙin aikin: sababbin nan biyu ba za a ba su ƙarfe mai kusurwa uku su yi ta jiran gida arba'in don bugu ɗaya ba. Ana yawan yin haka da tunanin an sauƙaƙa musu, alhali ƙirga shiru ya fi kaɗa zubi mai maimaituwa wuya nesa ba kusa ba. Wanda bai saba ba yakan ɓace a gida na goma sha wani abu, ya shigo a inda ba nan ba, ya kuma ji kunya a gaban kowa. Gara a ba shi zubi gajere da zai riƙe daga farko, ya ji cewa in ya tsaya kiɗan ya rame.

25 ga Satumba

An gama rubutun farko na kashi na ɗaya. Ƙashin bayansa zubi ne na 3+3+2: a raba gida zuwa rabin taku takwas, a buga na ɗaya, na huɗu da na bakwai. Sabon ɗalibi na farko ne ke riƙe da shi a kilabe. Na biyun yana kan babbar ganga, bugu ɗaya a farkon kowane gida. Mai ganga mai waya yana taya mai kilabe a gefen ƙarfen gangarsa har gida takwas na farko, sannan ya sake shi ya kama nasa.

Kaya suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowane gida huɗu. Wannan yana da amfani biyu: mai sauraro yana gane muryar kowane abu, ɗalibi kuma yana da alamar shigowa ta kunne, ba ta ƙidaya kaɗai ba.

Mutum biyu ne a kan marimba. Na hagu yana riƙe da A2 zuwa C4, na dama daga G4 zuwa sama. Ratar da ke tsakani ba ado ba ce, wurin gwiwar hannu ne. Katakan ƙasa sun fi na sama faɗi, don haka tsallaken oktaf a can ƙasa tafiya ce mai nisa ga hannun yaro. An hana na hagu duk wani tsallake da ya wuce sautuka biyar idan ana rabin taku.

A tuna wurin rubutu: zailofon yana fita oktaf ɗaya sama da yadda aka rubuta, gilok kuma oktaf biyu. Marimba da bibirafon suna fita yadda suke a takarda. Wanda ya manta da wannan zai ga karin da ya zaci a tsakiya yake ya koma can ƙololuwa yana soke kunne.

2 ga Oktoba

Karatun farko da ɗalibai. Abubuwa huɗu suka fito, kuma babu ko ɗaya da kwamfuta ta nuna. MuseScore, shirin rubuta kiɗa a kwamfuta, yana kaɗa komai daidai wa daida, babu gajiyar hannu, babu amon ɗaki, kuma yana daidaita ƙarfin kaya yadda ba haka suke a zahiri ba.

Na farko, zailofon ya danne marimba gaba ɗaya daga gida na 17. A takarda duka biyun mf ne, wato ƙarfi matsakaici. Amma zailofon da gula mai kan roba mai tauri yana yanka iska, ita kuwa marimba da gula mai kan zare lulluɓe take yi. Har a sassaƙar katakansu akwai bambanci: ana gyara na marimba domin amon da ke biye da sautin asali ya zama ninki huɗu, na zailofon kuma galibi ninki uku, shi ya sa yake da kaifi. An mayar da zailofon p, wato bugu mai taushi, aka ba shi gula mai roba matsakaiciya, aka kuma cire shi daga gida takwas inda marimba ke ɗauke da kari. Ba a yarda a ba marimba gula mai tauri don ta ɗaga murya ba. Katakan ƙasa sirara ne a tsakiya, gula mai tauri tana iya tsaga su.

Na biyu, wayoyin ƙarƙashin ganga mai waya suna zuza duk lokacin da timfani ya buga D, ko da babu wanda ya taɓa ta. Maganinsa rubutu ne: a sa "saki waya" a takardar mai gangar duk inda zai yi shiru fiye da gida huɗu, a sa "ɗaure waya" gida biyu kafin ya dawo, kuma a zaɓi wurin da ake da ƙara domin kada a ji ƙarar makunnin.

Na uku, gudu. Jerin rubu'in taku a 120 bugu takwas ne a kowane sakan. Masu tom na tsaka-tsaki suna iya gida ɗaya a haka, a na biyu kafaɗa ta ƙage, a na uku sun fara jan kowa baya. An sauke zuwa 108, wato bugu bakwai da ɗan ɗori a sakan, aka kuma karya jerin: gida ɗaya na rubu'i, gida ɗaya na rabin taku. Kashi na farko ya koma kusan sakan 133.

Na huɗu shi ne amon da ba a kashe ba. Babbar ganga da faifan tagulla suna ci gaba da kuka bayan an wuce su, sai shirun da aka rubuta a gida na 32 ya zama ba shiru ba. Laifin takarda ne, domin ba ta faɗi lokacin da za a kashe sauti ba. A kiɗan kayan bugu, ƙarshen sauti ma sai an rubuta shi. Yanzu duk bugun babbar ganga, faifai, timfani da ƙarfe mai kusurwa uku yana ɗauke da ɗaya cikin biyu: ko dai alamar a bar shi ya yi amo, ko alamar a dafe shi, a daidai takun da ake so.

9 ga Oktoba

Kashi na tsakiya, kuma nan ne wuyar aikin take. Kayan bugu ba sa jan sauti kamar sarewa ko goge. Hanya biyu ce kawai: ko a yi amfani da abin da ke amo da kansa, ko a yi karkarwa, abin da makaɗa ke kira rol.

Rubutun farko ya dogara da karkarwa mai taushi a marimba, gida 24 cur, mutum biyu. Bai yiwu ba. Karkarwa mai taushi kuma mai santsi tana daga cikin abubuwan da hannu ke daɗewa bai samu ba. Hannun da ya fi ƙarfi yana fitowa fili, sai a ji ɗingishi maimakon sauti ɗaya miƙaƙƙe. Ba matsalar yara kaɗai ba ce. Carlos Chávez, marubucin kiɗa ɗan Meziko, ya rubuta kiɗansa mai suna Toccata na makaɗa shida a 1942 bisa roƙon takwaransa na Amurka John Cage, amma ƙungiyar Cage ba ta iya dogayen karkarwar da ke farkon kiɗan ba, ba ita ta fara kaɗa shi ba ke nan.

Gyaran da aka yi: bibirafon ya karɓi dogayen sautuka, tunda fedarsa tana barin ƙarfe ya yi amo. Marimba tana karkarwa gida biyu, ta huta gida biyu, na hagu da na dama suna karɓeɓeniya, wanda zai shigo yana fara taku ɗaya kafin ɗan'uwansa ya saki domin kada a ji ɗinkin. An kuma rubuta musu cewa karkarwar ƙasa a hankali ake yin ta, domin katakan ƙasa suna daɗewa suna amo, ta sama ce ke son sauri. Ɗalibai sukan yi duka da gudu ɗaya, sai ƙasan ya cika da ƙarar gula.

Wurin da gula ke sauka ma yana da muhimmanci. Kusa da inda igiya ta ratsa katako, wajen kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa daga kowane baki, katakon ba ya motsi sosai, bugun wurin a mace yake fita. Tsakiya ko ɗan gefen tsakiya ake so.

Fedar bibirafon an rubuta ta dalla-dalla, gida bayan gida. In aka bar wa ɗalibi, ko dai ya taka ta ya manta har sautuka su cakuɗe, ko ya ƙi taka ta sam. Ƙa'idar da aka bi: a ɗaga ƙafa daidai lokacin da sabon haɗin sautuka ya sauka, a sake takawa nan take. Mai bibirafon tana iya riƙe gula huɗu, biyu a kowane hannu, irin riƙon da ake kira na Burton, amma an tsaya a haɗin da tazararsa ba ta canzawa, domin buɗe gula da rufe ta a tsakiyar kiɗa bai zauna mata ba tukuna. Gilok ba shi da abin kashe amo, saboda haka ɗigo ɗaya kawai yake bugawa a kowane taku biyu.

16 ga Oktoba

Sauya kaya. Ɗalibi na biyar yana barin tom ya koma gilok, kuma gida ɗaya kawai aka ba shi. An auna da agogo: ajiye sanduna ba tare da ƙara ba, taku uku zuwa gilok, ɗaukar gula, nemo sautin farko da ido, sakan 9. A gudun 108 wannan ya haura gida huɗu. An ƙara gada ta gida huɗu tsakanin kashi na farko da na tsakiya, a gudun 66, kusan sakan 15, inda faifan tagulla da bibirafon kaɗai ke magana. Kowane mai sauya kaya ya samu ƙaramin tebur da aka shimfiɗa wa tawul.

A cikin wannan gadar ce mai timfani ke sauke babbar gangarsa daga A2 zuwa G2. Ganga ɗaya, mataki ɗaya. An sa bibirafon ya riƙe G a gida biyu na farkon gadar domin ya ji sautin da yake nema. Allurar nuna sauti da ke gefen ganga tana kai mutum kusa ne kawai, zafi da laima suna sauya fata, kunne ne ke ƙarasa aikin. Dawowa A kuma daga ƙasa ake hawa, saboda sautin da aka tarar ta hanyar ɗaure fata ya fi zama daram.

23 ga Oktoba

Ma'aunin 7/8, an kasa shi 2+2+3. An yi atisaye biyu a kansa, kuma kuskuren iri ɗaya ne kowane lokaci: ukun ƙarshe yana miƙewa ya zama huɗu, gidan ya koma mai taku huɗu ba tare da kowa ya lura ba. Jiki ne ke neman abin da ya saba.

An yi tunanin jefar da 7/8 ɗin a koma 6/8. Ba a yi ba, domin wannan ɗingishin na ganganci shi ne abin da ya bambanta kashi na uku da na farko, kuma ɗalibai suna son sa. Abin da ya yi aiki shi ne a sa wani ya riƙa buga duk rabin taku bakwai ɗin ba fashi. An ba sabon ɗalibi na farko kacau-kacau, mai ganga mai waya yana taya shi da taushi. Da zarar bakwai ɗin suna cikin kunne, babu gurbin da na takwas zai shiga. Babbar ganga tana buga farkon gida kawai, tamborin yana buga farkon ukun. Kafin a taɓa kaya, kowa yana tafa hannu yana faɗin "ɗaya biyu, ɗaya biyu, ɗaya biyu uku" na minti uku, daga gudun 160 na rabin taku, ana ƙara 8 kowane zagaye. An kai 200. Abin nema 216.

A takarda an haɗa wutsiyoyin ɗigo biyu, biyu, uku a kowane gida, har da wuraren shiru. A kwafin farko manhajar ta haɗa su yadda ta ga dama a gidaje shida, kuma a waɗannan gidajen ne aka fi tuntuɓe.

An rage kashin daga gida 48 zuwa 40.

30 ga Oktoba

An gwada a babban zauren da za a yi wasan. Mai kilabe yana ƙarshen hagu, mai tom yana ƙarshen dama, mita 10 a tsakani, kuma kullum mai tom a baya yake. Ba sakaci ba ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a sakan, mita 10 ke nan kashi 29 cikin dubu na sakan. Rubu'in taku a gudun 108 kashi 139 ne cikin dubu. Wanda ke jiran ya ji kafin ya buga ya riga ya makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɗigon, kuma amon bango yana ƙara dagula lissafin.

An sake jeri. Masu riƙe lokaci, wato kilabe, babbar ganga da ganga mai waya, sun koma tsakiya a baya, kusa da juna. Marimba da bibirafon suna gaba. Zailofon da gilok suna gefe, tunda ko daga ina ana jin su. Faɗin jerin ya dawo mita 6, kuma kowa yana ganin hannun jagora ba tare da ya juya wuya ba.

Batun kunne: a ƙaramin ɗakin atisaye, ƙarshen kashi na uku yana da ƙara sosai. Iyakar ƙara da NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta bayar ita ce desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama minti 15 kacal a desibel 100. Ganga mai waya da faifan tagulla a kusa suna iya kaiwa can. Duk wanda ke jerin baya zai sa abin toshe kunne, kuma ba a maimaita gidaje takwas na ƙarshe da cikakken ƙarfi fiye da sau biyu a zama ɗaya. A rubutun ma an gyara: ff, wato bugu da ƙarfi sosai, ya rage a gida huɗu na ƙarshe kaɗai. A da, lokacin da ya bazu a gida goma sha shida, babu sauran inda za a hau.

6 ga Nuwamba

Takardun ɗaiɗaikun makaɗa. Makaɗi yana tsaye nesa da takardarsa fiye da mai sarewa, akwai kaya a tsakani, don haka an ƙara girman layuka zuwa kusan milimita 8. Kowace takarda shafi biyu ce a buɗe, babu juyawa, tunda hannu biyu a cike suke. Tom huɗu suna kan layi biyar, kowace ganga da gurbinta, daga ƙarama a sama zuwa babba a ƙasa, da ɗan zane a saman shafi mai nuna yadda za a jera su. Kayan ƙarfe suna da kan ɗigo mai siffar x. Gurbin da aka ba wani abu a shafi na farko ba ya canzawa har ƙarshe.

An sa harafin atisaye kowane gida takwas, daga A zuwa P. Duk shirun da ya wuce gida huɗu an karya shi a kan haruffan, an kuma rubuta ƙananan ɗigo na abin da za a ji kafin shigowa, da sunan mai kaɗa shi. Hannun dama da na hagu an rubuta su ne kawai a wurare biyar inda in aka fara da hannun da ba shi ba, hannuwa za su sarƙe.

13 ga Nuwamba

An kaɗa daga farko zuwa ƙarshe ba tsayawa, aka naɗa daga tsakiyar zaure. Minti 5 da sakan 9. Lissafin takarda ya ba da minti 5 da sakan 13, kuma naɗin ya nuna inda sakan huɗun suka tafi: daga harafin E zuwa G gudu yana hawa daga 108 zuwa wajen 116, daidai inda ƙarfi ke ƙaruwa. Hannu yana ɗaga sanda sama don ƙara, sai ya yi gaggawar saukowa. An ƙara wa babbar ganga bugu a taku na uku a wannan yankin domin ta riƙe linzami, kuma za a yi atisayensa da na'urar ƙirga taku tana buga farkon gida kaɗai.

Naɗin ya kuma tona cewa gida 41 zuwa 48 ba sa ƙara komai, maimaicin abin da aka riga aka ji sau biyu ne. Ba a yanke su ba, an juya su: karin ya bar marimba ya koma tom huɗu, suna bin hawa da saukarsa, sauran kowa ya yi shiru sai kilabe. Yanzu nan ne wurin da masu tsaka-tsaki biyu ke fitowa fili, abin da babu shi a da.

20 ga Nuwamba

An rufe rubutu. Daga yau babu sabon ɗigo, sai gyaran fensir. Kashi na uku yana zama lafiya a 208, a 216 kuma tamborin yana fara zamewa a harafin N. In bai daidaita ba zuwa 27 ga wata, za a kaɗa a 208, bambancin bai wuce sakan uku ba.

Abin da ya rage: karkarwar babban yatsa a tamborin tana katsewa, za a shafa ɗan kakin zuma a gefen fatar, in ta ƙi a mayar da ita girgizawa. Maƙalin ƙarfe mai kusurwa uku yana buƙatar zare na biyu na ko-ta-kwana. Sauke timfani zuwa G yana fita daidai sau uku cikin huɗu, ana so a ƙara masa minti biyar a farkon kowane zama. Sai atisayen shiga da jera kaya, wanda za a auna da agogo ranar 27, da cikakken gwaji a zaure ranar 4 ga Disamba.